Manyan Itatuwa Ma Suna Jin Ƙishirwa

Duk baƙon da ya shigo Marwa, ko ta hanyar Garwa ya biyo ko ta Mora, abin da idonsa kan fara cin karo da shi kafin kasuwa ko masallaci shi ne itatuwa. Dalbejiya ce jere a bakin tituna, wadda wasunmu ke kira dogon yaro ko maina, 'yan'uwanmu Fulani kuma suke ce mata gannye, ga kuma maɗaci nan da can ya yi rumfa a kan hanya. A ƙarƙashinsu ne rabin harkar garin ke gudana. Nan mai shayi ke kafa teburinsa, nan mai tsire da mai kilishi ke jiran ciniki, nan tela ke ajiye kekensa, nan kuma almajirai ke baje alluna. Idan aka ce yau babu waɗannan itatuwa, to mu Hausawan ƙasar nan, da yake yawancin sana'o'inmu na bakin hanya ne, muna cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu.

Amma duk da haka, idan ka ce da mutum ya ba babbar bishiya ruwa, dariya zai yi maka. A tunanin jama'a dashe ne ke son ban ruwa, shi ma shekara ɗaya ko biyu, da zarar ya kama kuwa sai a bar shi da Mahaliccinsa, wai ai saiwarsa ta riga ta kai ruwa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, to amma ba ga kowane itace ba, kuma ba a kowane wuri ba. A cikin gari musamman, al'amura sun sake ƙwarai daga yadda suke lokacin da aka dasa waɗannan itatuwa.

Bari mu fara da lissafin ruwan sama. A Marwa abin da akan samu a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Garwa ta ɗan fi, wajen milimita 1,000, Kusseri kuwa tsakanin 500 da 600. Daga Oktoba har zuwa ƙarshen Afrilu, wato wata bakwai cur, da wuya a ga ɗigo. Hunturu ya zo da iskarsa ya tsotse danshin da ya saura, sannan bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu da Mayu, inda zafi kan haura digiri 40. Ruwan da rana da iska ke iya ɗaukewa daga ƙasa da ganye a shekara ya fi ninki biyu na wanda sama ke zubarwa. Ita kuwa babbar bishiya mai cikakken ganye tana iya fitar da lita ɗaruruwa ta ganyenta a yini guda na zafi, kuma wannan ne ma ya sa inuwarta ta fi ta rumfar kwano sanyi.

Da yawa daga cikin itatuwan da muke fakewa a ƙarƙashinsu yau ba su rasa nasaba da farin 1973. Bayan wannan fari ne, a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka sa wa suna Sahel Vert, inda aka riƙa fitar da matasa da 'yan makaranta suna dashe a lokacin hutu. An kuma farfaɗo da shirin a 2008. Ke nan itatuwan zubin farko yanzu sun doshi shekara 50, wasu maɗatan kuwa tun zamanin Turawa suke tsaye. Dashen da aka yi bana, ko da akuya ta ƙyale shi, sai 'ya'yanmu sun yi furfura kafin ya kai girman waɗannan. Shi ya sa muke ganin ana ɗan yin kuskuren lissafi: kowace damina akan yi gangami a dasa sababbi, a ɗauki hoto, alhali tsofaffin da ke ba da inuwa a yau ba su da mai waiwayarsu.

Ina saiwar take?

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mafi yawan ƙananan saiwoyin da itace ke shan ruwa da su ba can ƙarƙashin ƙasa suke ba. Suna nan sama-sama, tsakanin taki ɗaya da kamu ɗaya ko ɗan fiye, wato abin da bai wuce santimita 60 ba, kuma sun bazu nesa da gindi, har su wuce inda inuwar rassa ta tsaya da tsakar rana. Wanda ya taɓa haƙa harsashin gini kusa da dalbejiya ya san haka. Akwai dai saiwa mai nutsawa ƙasa neman ruwa, to amma ita kaɗai ba ta isar kowane itace.

Yanzu a dubi abin da ya sami wannan ƙasa ta sama a garuruwanmu. An shimfiɗa kwalta, an zuba siminti a ƙofar kanti har ya rungume gindin itace, an gina magudanun ruwa da ke kwashe ruwan sama cikin awa guda su kai shi Mayo Kaliyawo ko Mayo Tsanaga. Inda babu siminti kuwa, ƙafar mutane da tayar mota da ta babur sun daddaɓe wurin ya zama faƙo, irin ƙasar da Fulani ke kira harde, wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Saboda haka ko a shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2024 da ruwa ya mamaye Yagwa da Kusseri, itacen da ke bakin titi yana iya shiga rani da ƙishirwarsa. Ruwan ya zuba, amma bai zauna ba.

Dattawanmu za su tuna abin da ya sami dalbejiya a baya. A tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1984, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai ruwan ɗorawa da ke manne wa ganye ya far mata a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, har da arewacin ƙasar nan. Sannan a 1990 aka fara lura da wata lalura a Nijar, wadda daga baya aka gan ta a Nijeriya da Cadi da nan Kamaru: ganye ya yi rawaya ya zube, ya bar ɗan tuntu a ƙarshen reshe, reshen ya yi tsawo tsirara har masana suka kamanta shi da wuyan raƙumin dawa. An yi ta bincike ba a kama wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba, yawancin masana suka karkata ga cewa wahala ce ta yi wa itatuwan yawa, wato ƙarancin danshi, da taurin ƙasa, da cunkoso. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Itacen da ƙishirwa ta raunana shi ne ƙwari da gara da cuta suka fi samun galaba a kansa.

Wani abin lura kuma, babbar bishiya ba ta mutuwa a shekarar da ta sha wuya. Sai ta yi shekara biyu ko uku tana ja da baya, mai ita bai sani ba. Alamar farko daga sama take farawa: ƙananan rassan ƙololuwa su bushe, ganye ya ƙanƙance, bakinsa ya ƙone kamar an kara masa wuta, inuwa ta yi shara-shara har rana na ratsowa. Daga nan sai ɓawo ya fara tsagewa, a ga garin katako a gindi, alamar ƙwari sun shiga. Irin waɗannan busassun rassa ne iskar farkon damina ke karyowa a kan rufin gida ko a kan mai wucewa, sai a ce tsautsayi, alhali kuwa abin ya daɗe yana sallama.

Ba kowanne ke so ba

Kafin mutum ya ɗauki bokiti, ya kamata ya san wanda zai ba. Kuka ba ta buƙata. Ita takan zubar da ganyenta da rani ta zauna da ruwan da ta tara a cikinta, yawan jiƙa gindinta ma yana iya sa ta ruɓa. Gawo shi ma a ƙyale shi, domin saiwarsa tana nutsawa har inda rijiya ke samun ruwa, shi ya sa yake kore shar da rani lokacin da sauran suka yi fari. Aduwa da magarya da tsamiya 'yan ƙasa ne, sun san kan wannan yanayi tun kafin a haifi kakanninmu, sai fa in an matse su da gini. Haka kuma itacen da ke bakin mayo, inda ake tona yashi kamu biyu a sami ruwa, ba shi da matsala.

Waɗanda ke buƙatar taimako su ne na cikin gida da na bakin titi: mangwaro, lemo, gwaiba, da dalbejiya ko maɗacin da siminti ya kewaye ko kuma suka fara nuna alamun da muka ambata. Lemo ya fi kowa raki, in ya sha ƙishirwa sai ya nannaɗe ganye ya zubar da 'ya'ya. Mangwaro kuwa yana da nasa tsari, wanda masu lambu suka sani sarai. Bayan damina ana barinsa ya ɗan ji bushewa, domin wannan tare da sanyin hunturu ne ke sa shi fure. Wanda ya dame shi da ruwa a Nuwamba da Disamba ganye zai samu maimakon fure. Sai 'ya'ya sun ƙulla sun kai kamar girman gyaɗa sannan a fara ba shi, a ci gaba har su kusa nuna, daga nan a rage.

Yadda ake bayarwa

A nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya ke yin asarar ruwansu. Sai ka ga mutum ya kwarara bokiti a jikin gindin itace, kullum safiya, ya tafi yana ganin ya yi aiki. Ruwan da aka zuba a gindi bai kai ga saiwoyin da ke sha ba, sai dai ya jiƙa ɓawo ya jawo ruɓa da gara. Kuma ɗan yayyafin kullum ba ya wuce yatsa biyu a ƙasa, kafin azahar rana ta ɗauke abinta.

Wurin da ya dace shi ne da'irar bakin inuwa, wato inda ruwan sama ke ɗiga daga ƙarshen rassa. A nan za a yi ɗan gurbi marar zurfi da fartanya, kamar na kwamin albasa, a tayar masa da baki don kada ruwa ya gudu, a kuma kula kada a sassare saiwa. Sai a ba shi ruwa mai yawa, a hankali, a kuma daɗe ba a sake ba. Wanda ba shi da tiyo yana iya huda gindin tsohuwar jarka ko durom da ƙusa, ya cika, ya ajiye a wurin ya bar shi yana tsiyaya har gari ya waye. Da yamma bayan la'asar sakaliya ko da asuba ya fi, saboda rana ba ta raba ruwan da itacen.

To nawa ne mai yawa? Ga lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Itacen da inuwarsa ta kai mita 10 daga wannan baki zuwa wancan ya rufe kusan irin wannan fili 78. In ana so a ba shi kwatankwacin ruwan sama mai kyau guda ɗaya, a ce milimita 25, ana bukatar kusan lita 2,000, wato durom 10, ko kuwa jarka 100 mai cin lita 20. Mun san mai karatu zai ce lallai waɗannan ba su taɓa sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa a watan Afrilu ba. Gaskiya ne, babu mai iya wannan, kuma ba ma cewa a yi. Abin daɗin shi ne itace ba ya buƙatar a jiƙa masa da'irar duka. In aka sami durom 3 aka zuba a sulusin da'irar, bayan mako biyu aka koma sulusi na gaba, an taimake shi ƙwarai. Ba so ake ya yi kore kamar a Agusta ba, so ake ya kai ga damina da ransa. Sau huɗu ko biyar tsakanin Maris da farkon Yuni ya isa ya raba itace da mutuwa.

Irin ƙasa ma tana da magana. Jigawa mai yashi tana shanye ruwa nan da nan kuma tana saurin bushewa, saboda haka ana iya komawa bayan kwana 10. Baƙar laka mai tsagewa, irin ta karal da ake dasa masakwa a kanta, tana sha a hankali amma tana riƙewa, sai a yi mako biyu ko uku. A irin wannan ƙasa a kula kada ruwa ya kwanta, domin dalbejiya ta fi jure fari a kan ta jure zama cikin ruwa. Hanyar ganewa ba ta da wuya: washegari a sami ɗan rodi a soka. Inda ya shige ba gardama ruwa ya kai, inda ya tsaya nan ruwan ya tsaya. In bai shiga kamar taki ɗaya da rabi ba, a ƙara. Inda ƙasa ta zama faƙo kuwa, sai a tona ƙananan ramuka uku ko huɗu a bakin inuwa, zurfin kamu ɗaya, a cika su da tsakuwa ko tsingaro, a riƙa zuba ruwan ta nan. Wanda simintinsa ya kai har gindi, ya daure ya fasa ko da mita ɗaya ce kewaye, ba zai rage masa ciniki ba.

Bayan an zuba sai a rufe. Busasshen ganye, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, karan dawa da aka sassara, ko ɓuntun shinkafa ga mutanen Yagwa, a shimfiɗa kaurin yatsa huɗu a kan wurin da aka jiƙa, a danne da duwatsu ko ƙaya saboda iska da awaki. Wannan kan sa danshin ya daɗe sosai. A bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da gindi saboda gara. Abin takaici, ganyen da itacen ya zubar da kansa, wanda shi ne bargonsa, kullum share shi ake yi, sau da yawa ma a tara a gindinsa a cinna wuta. Babu abin da ke kashe itacen gari kamar ƙona shara a gindinsa.

Ruwan da muke zubarwa

Saura babbar tambaya, wato ina ruwan yake. Ra'ayinmu a nan a fili yake: a unguwar da mata ke kwana a layin famfo, bai dace a sayi ruwan sha a zuba wa itace ba. Mutum ne gaba, sannan dabba. To amma akwai ruwan da ake zubarwa kullum ba tare da an ƙirga shi ba, kuma mafi tsabtarsa shi ne ruwan alwala.

A ɗauki masallacin unguwa da mutum 100 ke alwala a cikinsa, kowa da butar lita ɗaya, sau biyar a yini. Lita 500 ke nan kowace rana, durom biyu da rabi. A mako guda ya haura lita 3,000, wato ya fi abin da muka lissafa wa babban itace a sama. Yanzu ina wannan ruwa ke zuwa? Kwata yake bi ya kwanta a bakin hanya, ya yi baƙi, ya tara sauro. Da ɗan bututun roba da buhun tsakuwa za a iya karkatar da shi zuwa rami a bakin inuwar itacen da ke ƙofar masallacin, wanda a ƙarƙashinsa ne ma ake shimfiɗa tabarmi ranar Juma'a in ciki ya cika. Sharaɗi biyu ne kawai: a raba shi da wurin kama ruwa, kuma a riƙa sauya bakin bututun daga wannan rami zuwa wancan don kada wuri guda ya zauna a jiƙe kullum. Malamanmu sun sha faɗa mana ladan wanda ya dasa itace mutane da tsuntsaye suka amfana, muna kuma fata su riƙa haɗawa da ladan wanda ya raya wanda aka riga aka dasa.

A cikin gida akwai ruwan wankin shinkafa da na gero, da na ɗaurayar kwanuka, da na wanka in sabulun bai yi yawa ba. Duk suna da amfani, muddin an zuba su a ranar, ba a ajiye su sun yi wari ba, kuma ba kusa da rijiya ba. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai jabel ko mai garin sabulu da yawa, da ruwan gishiri ko kanwa, domin gishirin kan taru a ƙasa ya ƙone saiwa. Ruwan marina da na majema kuwa kada ma a soma. Haka nan baƙin mai. Makanikai da yawa a ƙarƙashin dalbejiya suke aiki, kuma a nan suke juye man da suka cire daga inji, shekara da shekaru, har ƙasar ta zama kamar kwalta. Wannan mai yana toshe ƙasa, ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga. Tsohon galan guda da za a riƙa tarawa a ciki ya isa ya magance abin.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a dakata da su har ruwa ya sauka. Na farko takin zamani, domin in aka zuba shi a busasshiyar ƙasa ƙara wa itace ƙishirwa yake yi. Na biyu sassabe rassa. Mun san da bazara ne masu dabbobi ke hawa maɗaci su sare ganye, masu magani kuma su ɓare ɓawonsa, wani lokaci su zagaye gindin gaba ɗaya, abin da ke yanke hanyar abincin itacen ya kashe shi a tsaye. Busasshen reshe mai haɗari a cire shi, amma aske itace ƙwal a tsakiyar zafi, ba kowanne ke farfaɗowa ba. Wanda ke shakkar halin da itacensa ke ciki yana iya tuntuɓar ma'aikatan gandun daji na yankinsa, waɗanda dama izininsu ake nema kafin a sare.

Itacen bakin titi dai a hukumance na majalisar gari ne, amma kowa ya san majalisa ba za ta bi su ɗaya-ɗaya da tanka ba. Masu cin moriyar inuwar su ne a kusa. In mutum biyar ke sana'a a ƙarƙashin itace guda, mai shayi da mai tsire da tela da mai faci da mai gyaran takalmi, kowannensu ya ɗauki nauyin jarka biyu a mako, an sami lita 200, a wata guda kuma lita 800. Masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin matasanmu na Marwa da Garwa da Kusseri suna iya tsara wannan a zama guda, a fara da itatuwan da ƙololuwarsu ta soma bushewa. Kada kuma ruwan farko na watan Mayu ya ruɗi kowa, domin sau da yawa yakan zo ya kwantar da ƙura ne kawai, sannan sama ta ɗauke har mako uku. A soka rodi a gani, in bai shiga ba a ci gaba da bayarwa har damina ta zauna sosai.